Ranar da aka sumar da Inna da gangan

Inna ta yi shekaru tana suma. In ta daɗe a tsaye, a sahun tahajjud ko a gidan biki lokacin zafi, sai gumi ya karyo mata, idonta ya yi duhu, ta zube. Wani sa'in har hannunta ya riƙa fizga, shi ya sa wasu suka ce farfaɗiya ce, wasu suka ce iska. An yi ruƙiyya, an sha magani, hoton ƙwaƙwalwa bai nuna komai ba.

Da muka kai ta wani asibiti a Alƙahira, likitan zuciya ya ce sai ya ga suman da idonsa. Da yake Hausa kaɗai Inna ke ji, aka bar ni na shiga in yi tafinta. Ba ta karya kumallo ba aka kwantar da ita a wani gado mai matakin ƙafa, aka ɗaure ta da maɗauri, aka manna mata wayoyi a ƙirji. Sai aka tayar da gadon zuwa digiri 70, ta zama kamar a tsaye. Minti 20 shiru. Aka fesa mata wani magani mai buɗe jijiyoyin jini a ƙarƙashin harshe.

Can ta ce, "Babangida, abin nan ya taso."

"Sannu Inna, ina nan."

Ina kallon allon da aka haɗa wayoyin da shi. Bugun zuciyarta ya yi ta raguwa, sannan layin ya miƙe sumul. Sakan 8, in ji likita daga baya. Ni dai salati kawai nake yi, ƙafafuna na rawa. Ana mayar da gadon kwance, zuciyar ta kama aiki, Inna ta buɗe ido tana tambayar ɗankwalinta.

Likita ya ce tsayuwa kan tara jini a ƙafafu, sai wata jijiya ta ruɗe ta taka wa zuciya birki, ƙwaƙwalwa ta rasa jini. Tun 1986 likitoci a Landan suka fara wannan gwaji, mu kuwa ba mu taɓa jin labarinsa ba, abin da har yau yake ci mini rai. Da yake Inna ta haura 40 kuma suman ya yawaita, aka dasa mata na'urar daidaita bugun zuciya.

Jama'a, in mutum ya suma a gabanku, kada ku tayar da shi zaune, kada ku ɗura masa ruwa. Ku kwantar da shi, ku ɗaga ƙafafunsa, in abin yana maimaituwa ku nemi likitan zuciya.