Zuwa ga Yayana, kan Gonar Baba

Rogo, Jihar Kano

Assalamu alaikum Yaya,

Inna tana gaishe ka, ƙafar tata ma da sauƙi.

Saƙonka ya iso, cewa a ba da gonar Baba ta hanyar Zarewa haya bana. Lissafinka gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin huɗa da feshi da dako suka tashi. Bara kuma da kaka buhun masara ya kasa sayen buhun takin zamani.

Duk da haka ka yi haƙuri, Yaya, ni zan yi shuka. Wane manomi ne ya taɓa binne iri da takardar alkawarin damina a aljihu? Baba ma bai taɓa ba, kuma da gonar nan ya aurar da mu duka. Ina yawan tuna Nana Maryam: tana cikin naƙuda, ba ƙarfi a jikinta, aka umarce ta ta girgiza kututturen dabino. Wanda ya ba ta ɗa ba tare da uba ba, zubo mata dabino ba zai gagare Shi ba, amma Ya so ta sa hannu. Tawakkalin da na fahimta ke nan.

Ba da ka zan faɗa ba. Masara kaɗan zan sa, kusa da fadama, inda na zuba takin turke tun rani. Rabin gonar waken soya ne, don ba ya cin taki kamar masara, yana gyara ƙasa, yana kuma rage ƙudujin da ya addabe mu. Sauran dawa ce, saboda tuwon gida. Ko farashi ya sake faɗi, rumbu ba zai zauna wayam ba, in Allah Ya yarda. In kuma ruwa ya ɗauke da wuri, akwai mai ara mini fili a bakin dam ɗin Challawa, can Ƙaraye, in yi noman rani.

Roƙona ɗaya: ka taimaka da kuɗin iri da na huɗa kafin ruwa ya zauna. Zan mayar da kaka. In aka yi asara, ni zan ɗauka, ba zan ɓoye maka komai ba.

Ka sa mu a addu'a. A gaida Anti da yara.

Wassalam,
Ƙaninka.