Lasifikar da Ba Ta Rufa wa Kaset Asiri

Duk shagon da ke sayar da manyan lasifiku na tsaye yana da waƙoƙinsa na gwaji, kuma kusan duk iri ɗaya ne: muryar mace a kan fiyano, jita guda, ɗan ganga can baya. An ɗauke su a sutudiyo mai tsada, an tace su tsaf. Kowace lasifika za ta yi kyau da su, kamar yadda kowace manhaja ke tafiya sumul ranar da ake nuna ta ga wanda zai biya. Mu da muke neman abinci da rubuta manhaja mun san cewa gwaji yana farawa ne sa'ad da aka ɗura mata bayanan da ba a shirya mata ba.

Shi ya sa da muka je wani shago a Legas, bayan fiye da shekara muna tari, muka tafi da filashinmu. A ciki akwai Mamman Shata, Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge, duk daga kaset-kaset ɗin mahaifinmu da muka juye cikin kwamfuta kafin zaren ya gama lalacewa. Muka haɗa da Talking Timbuktu na Ali Farka Touré da Ry Cooder, na 1994, don mu samu abu guda da aka ɗauka da kyau mu riƙa auna sauran da shi.

Shagon ya cika ido. Ga KEF mai ɗora ƙaramar tasar siririn sauti a tsakiyar tasar murya, don duka su fito daga wuri ɗaya. Ga Klipsch mai baki kamar kakaki, wadda wuta kaɗan ke isar ta ta cika ɗaki. A kusurwa kuma ga Bowers & Wilkins, daga jerin 800 da ake aiki da su a sutudiyon Abbey Road na Landan; babbar cikinsu ta haura dala dubu 30. Wannan gaisuwa kawai muka yi mata daga nesa. Muka ware guda uku da aljihunmu zai iya kallo.

Kafin a kunna komai muka roƙi abu biyu. Na farko, a daidaita ƙarar dukkansu. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna a ɗakin binciken Bell cewa kunne ba ya jin kaurin sauti da siririnsa sosai idan ƙara ta yi ƙasa. Saboda haka lasifikar da ta ɗan fi ƙara, ko da desibel ɗaya ne, sai a ji kamar ta fi cika da zaƙi. Muka sa ƙarar shuuu ta gwaji, muka auna da waya daga kujerar da za mu zauna. Na biyu, mu rufe ido, shi ya riƙa sauyawa ba tare da ya faɗa mana wacce ce ba. Floyd Toole da Sean Olive sun gwada wannan a kamfanin Harman a 1994, suka ga makin da mutane ke bayarwa yana canzawa idan suna ganin girman akwati da sunan da ke jikinsa. Mai shagon ya yi dariya, ya ce injiniyoyi sun fi kowa wahalar ciniki, amma ya yarda.

Da Ali Farka, dukkansu ukun sun yi abin a yaba. Shata ne ya raba su.

Kalangu ba ya tsayawa a murya ɗaya. Makaɗi yana matse tsirkiya a hammata, sautin ya hau, ya sassauta ya sauka, yana bin hawa da saukar maganar Hausa. Lasifika mai tasa uku kuwa tana raba aiki: babbar tasa ta ɗauki kauri, ta miƙa wa ta tsakiya, galibi wajen 300 zuwa 400 Hz. Idan miƙawar ba ta yi kyau ba, za ka ji kalangu ya fara magana da baki ɗaya ya ƙarasa da wani. Ta farko haka ta yi mana: duka mai ƙarfi a ƙirji, amma zancen gangar ya narke. Ta biyu ta lulluɓe komai da taushi. Shuuu ɗin kaset ya ja baya, muryar Shata ta yi santsi, mutum zai iya wuni yana ji bai gaji ba. Sai dai kuntigin Ɗan Maraya, wanda tsirkiya ɗaya ce tal kuma duk daɗinsa a kaifin bugun yake, ya koma kamar an naɗe shi a zani.

Ta uku ba ta san kara ba. Ta fito da shuuu ɗin gaba ɗaya, ta nuna inda zaren ya miƙe har murya ta yi rawa, da inda makirufo ya cika ya tsage. Mai shagon ya yamutsa fuska, ya ce wannan ɗaukar ba ta cancanci irin wannan kaya ba. Amma a cikin ƙurar nan muka ji 'yan amshi sun rabu, mutum-mutum, ba dunƙulallen amo ba. Muka ji kalangai fiye da ɗaya, wani na jan zance wani na riƙe masa ƙasa. A waƙar Barmani muka ji ƙwaryar da ake bugu da hannu daban da wadda ake bugu da ƙara, muka ji guɗa ta taso daga baya. Shekara nawa muna jin kaset ɗin nan a rediyon Baba ba mu san da guɗar ba.

Nan gardamar take, kuma ba ƙarama ba ce ga mai irin tarin waƙoƙinmu. Yawancin abin da muke ƙauna ba a ɗauke shi don irin waɗannan lasifiku ba. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Babu wanda zai koma sutudiyo ya maimaita. Mai taushin tana yi wa ɗaukar gata, amma abin da take sharewa ba ƙura kaɗai ba ce, har da hannun makaɗa. Mu dai mun fi son mu sha shuuu ɗin mu samu guɗar.

Saura ɗaki, wanda babu mai sayarwa da ke son a tayar da zancensa. Shagon yana da kafet mai kauri da allunan shanye amo a bango. Falonmu tayil ne da siminti da gilashi, tsawonsa mita 4. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka wajen 43 Hz bangon biyu za su riƙa jefa wa juna kaurin sauti har ya kumbura a wani wuri ya ɓace a wani. Tayil kuma zai ƙara wa ta ukun kaifi. Ga janaretan maƙwabci, wanda shi ma yana da nasa kiɗan daga magariba.

Muka ajiye kuɗin jingina, aka ba mu aron ta ukun na mako guda. A hanyar gida muka tsaya kasuwa muka sayi babbar darduma da labule mai nauyi, muka kira Baba muka tambaye shi ko akwai sauran kaset a tsohuwar adakar.