Malpai, makiyayar da ba a yankawa

Can a Amurka, dab da iyakar Meksiko, akwai wani daji mai suna Malpai. Ruwan sama kaɗan ne, ga baƙaƙen duwatsu. A 1994 makiyayan wurin suka kafa ƙungiya.

Da fari ya matsa, wasunsu suka kai shanu wani babban gandu mai ciyawa. Ba kuɗi suka biya ba, hannu suka sa a takarda: fili nasu ne, su yi kiwo, su sayar in sun so, amma har abada ba a yanka shi a gina gidaje. Magaji ma sharaɗin yana wuyansa.

Takarda kuwa ba ta da ido. Don haka kowace shekara ƙungiya takan duba filayen, ko wani ya kafa sabon gini.