Farin Fulogi

A jikin kafiretan babur akwai wani ɗan sukuru na tagulla wanda duk mai sukudireba zai iya taɓawa ba tare da ya kwance komai ba. Sauƙin kai hannu gare shi ne ya sa irina ke ɗaukar kansu kanikawa.

Babur ɗina tsoho ne, mai injin samfurin CG 125, irin wanda ya cika titunanmu. Da ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, sai na ce canjin ringi kawai ƙaranta ce, gara a yi mai gaba ɗaya. Na sayo silinda da fistan na 150, faɗin ramin ya tashi daga milimita 56.5 zuwa 62. Bakanike ya ɗaura, ya ce idan injin ya saki jiki in dawo a duba kafireta. Na ce to, ban koma ba. Ni da nake kallon bidiyon gyaran inji a waya har tsakar dare, wa zai koya mini kafireta?

Daga nan na shiga ƙawata aikina. Na sa aka huda cikin salansa don ƙara ta fito. Na cire soson iyakilina mai kauri na sa wani siriri, wai inji ya shaƙi iska ya more. Lokacin kuwa an janye tallafin mai tun 29 ga Mayun 2023, kowace lita sai ka ji ta a ƙirji. Sai na murɗa sukurun nan ciki, na rage man silo. Na kwance murfin sama, na zaro allurar totur, na mayar da ɗan makullinta gaɓar sama don ta ƙara nutsewa ta tsuke hanyar mai. Na buga kik. Injin ya tashi tas, muryarsa garau, babu ko ɗigon hayaƙi. Na tsaya a tsakar gida ina jinjina wa kaina.

Babur ya yi ta yi mini magana, ni kuma ina fassara ta yadda nake so. Idan na saki totur salansa ta riƙa tas-tas, na ce ƙarfi ne. Da safe sai da cok yake tashi, na ce sanyi ne. Zafin inji na dukan ƙwaurina, na ce sabon fistan ne. Tanki ya daɗe bai ƙare ba, wannan kam har majalisa na kai labarinsa.

Wata safiya cikin hunturu na hau hanyar Zariya daga Kano, na murɗe totur har ƙarshe na riƙe. Bayan na wuce Kura sai na fara jin wata 'yar ƙara a cikin inji, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na ƙara wuta don in ji ko za ta tafi. Kafin Kwanar Dangora ƙarfi ya zube, babur ya yi shiru. Na taka kik, ya tafi ƙasa salamun-salamun, babu abin da ya tare shi.

Wani dattijon bakanike a bakin hanya ya kwance fulogi, ya ɗaga shi sama ya duba. Bakinsa fari fat, da wasu 'yan ɗige-ɗige masu ƙyalli.

"Ɗana, an taɓa injin nan?"

"An taɓa, Baba. An mayar da shi 150." Har a lokacin da ɗan alfahari na faɗa.

"Madalla. Babban jeti lamba nawa ka sa masa?"

Na buɗe baki, na rasa abin cewa. Ban san lambar ba. Ban taɓa kwance kwanon man da ke ƙasan kafiretan ba, balle in ga jetin da idona. Duk ƙwarewar da nake taƙama da ita ta tsaya ne a inda hannu ke kaiwa daga waje. Dattijon bai yi dariya ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya miƙo mini fulogin kawai ya ce ƙyallin nan fistan ɗina ne, ya narke ya fantsamo.

A tsaye a wurin na harhaɗa abin da na riga na sani amma ban taɓa haɗawa ba. Kafireta ba ƙofa ɗaya gare shi ba. Sukurun da na yi ta wasa da shi, silo yake mulka zuwa kusan rubu'in totur. Daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu aikin allura ne. Abin da ya haura haka na babban jeti ne. Wato daɗin muryar da na ji a tsakar gida shaida ce a kan silo kaɗai, ba ta san komai game da babbar hanya ba. Kuma kafireta ba ya auna iska. Zuƙar da iska ke yi wajen ratsa maƙogwaronsa ita ke jawo mai. Da na sassauta iyakilina, iska ta ƙaru, zuƙar ta ragu. Iskar hunturu mai sanyi ta fi nauyi, ta ƙara rinjayar man. Fetur na ƙonewa daidai a kan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai bisa nauyi, amma inji a cikakken gudu yana son wajen 12.5 zuwa 13, domin rarar man nan tana sanyaya kan fistan. Injin da iska kaɗai ke sanyayawa ba shi da wani gata. Ni kuwa rarar nan na bi na tsane, na kira abin tattali. Garin neman gira na rasa ido.

Aka ɗora babur a motar kaya. Sabon fistan, ringi, gaskit da kuɗin aiki sun lashe ninkin abin da na tara daga man. Wannan karon na zauna na ga yadda ake yi: aka fara da jeti mai girma, a hau hanya a murɗe totur, a kashe inji yana cikin gudu, a kwance fulogi a duba. Idan baƙi ne, mai ya yi yawa, a sauko lamba ɗaya. Aka yi ta saukowa har bakinsa ya koma ruwan ƙasa, sannan aka koma kan allura, sukurun silo shi ne na ƙarshe. Bakanikena ya kuma ja kunnena cewa lambar jetin Keihin da ta Mikuni ba ma'auni ɗaya ba ne, kada in je kasuwa in sayo da ka.