Tukwanen Da Suka Biyo Ni Daga Samaru Zuwa Sabon Gari

 Idan kin taɓa dasa wani abu a tukunya ko a bokitin fenti, kika yi ta ɗawainiyar ba shi ruwa safe da yamma, amma duk da haka watan Afrilu ya zo ya ƙone miki shi ƙurmus, to gyara zama ki ji labarina. Ni ma na sha wannan takaici, kuma sai da na yi asarar abin da nake ji da shi kafin na gane inda gizo ke saƙa.

Shekara 22 muka yi a Samaru, a gidan ma'aikata, lokacin da maigida yake aiki. Duk wadda ta san Samaru ta san gari ne na shuke-shuke, domin kuwa tun 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a can, wadda daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Gidanmu yana da fili a baya, ga inuwar mangwaro da dogon yaro, duk abin da na soka a ƙasa sai ya kama. Har maƙwabta suna cewa ina da hannun shuka, ni kuma ina jin daɗi, ban san ƙasa ce take yi mini aikin ba.

A cikin abin da na shuka akwai guda biyu da suka fi kwanta mini a rai. Ranar da zan koma ɗakina bayan wankan jego na haihuwar fari, Inna ta karyo mini reshen daddoya daga bayan ɗakinta, ta kuma ƙullo mini irin wata fulawa a tsumma, mai fitar da ja da ruwan ɗorawa da ruwan hoda. Ita dai fulawa kawai take ce mata. Sai daga baya wata maƙwabciyata da ta karanci aikin gona ta gaya mini sunanta zinniya, asalinta daga ƙasar Meziko, kuma danginsu ɗaya da sanfulawa da ake matse mai daga 'ya'yanta.

A 2017 maigida ya yi ritaya, muka koma gidanmu na kanmu a Sabon Gari, wajen Muchiya. Gida ne mai rufin asiri, sai dai tsakar gidan siminti ne daga bakin ƙofa har bakin kicin, babu inda za ki soka ko tsinke. Inna kuwa ta rasu shekara guda kafin nan, Allah ya jiƙanta. Don haka na ce ko me za a bari a Samaru, ban da shukarta. Na ciko baƙaƙen bokitan roba guda shida: daddoya biyu, zinniya uku, na'ana'a ɗaya. Muka tare a ƙarshen Oktoba, damina tana ban kwana.

Hunturu ne ya fara gwada ni. Kin san yadda Zariya take a Disamba da Janairu: iska mai ƙura daga arewa maso gabas, leɓe na tsagewa, da asuba sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15. Ganyen daddoya ya yi futu-futu, bakinsa ya bushe, ya fara zuba. Na ɗauka ƙishi ne, na ƙara ruwa, sau biyu a rana. Da na ga babu sauyi sai na barbaɗa takin zamani. Cikin mako uku ɗaya daddoyar ta mutu, da na tuge ta sai na tarar saiwar ta yi baƙi tana wari. Ashe ruwa ne ya ruɓar da ita, domin ƙaramar huda ɗaya na yi wa bokitin, ita ma ta toshe.

Bazara ta zo ta ƙarasa sauran. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana yake haura digiri 37, simintin tsakar gida ko takalmi kika cire ba za ki iya taka shi ba. Zinniya da na'ana'a suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Ga shi ruwa sai mun saya wajen 'yan ga-ruwa. Wata rana maigida ya tarar da ni ina tuttula rabin jarka a kan wani busasshen kara, ya tsaya ya ce, "Hajiya, yanzu mu ne za mu sha, ko itacen nan da ya riga mu gidan gaskiya?" Cikin raha ya faɗa, amma da na shiga ɗaki sai da na share hawaye, domin wannan kara shi ne abu na ƙarshe mai rai da ya fito daga hannun Inna.

A daren ne 'yar farina, wadda aure ya kai ta Amurka, ta kira ni ta WhatsApp, na kwashe komai na gaya mata. Ta juya wayar ta nuna mini tukwanenta a baranda. Ta ce akwai wata fulawa da suke kira ekinesiya, 'yar uwar zinniya ce, mai furanni ruwan hoda da wani tudu mai ƙaya-ƙaya a tsakiya, wadda 'yan asalin ƙasar suka daɗe suna magani da ita. Idan tana cikin ƙasa, dusar ƙanƙara ta rufe ta wata da watanni, samanta ya bushe, amma da ɗumi ya dawo sai ta yi toho. Ita wannan fulawa mai jimiri, in aka sa ta a tukunya aka bar ta a fili, sanyi yana iya kashe ta, saboda yana shigar wa saiwar ta kowane gefe. Shi ya sa suke naɗe tukwanen da buhu, su tara su jikin bango, ko su binne tukunyar a ƙasa, su kuma rage ba ta ruwa. Ta ce, "Umma, ku daina kallon ganye, ku duba halin da saiwa take ciki."

Wallahi kamar an yaye mini labule. A Samaru saiwa tana da ƙasa mai zurfi da za ta nutsa ta sami sanyi da lema. A bokiti kuwa tsakaninta da rana bai wuce kaurin roba ba, ga baƙin abu yana zuƙar zafi, ga siminti yana gasa ta daga ƙasa. Abin da ƙanƙara take yi wa tukwanen 'yata, shi rana take yi wa nawa. Da gari ya waye na karce jikin karan daddoyar da farce, sai na ga kore a ƙarƙashin ɓawon. Da sauran rai. Ki riƙe wannan gwaji, kada ki zubar da shuka don kawai ta kaɗe ganye.

Abu na farko da na yi shi ne sauya mazubi. Na aika kasuwar Sabon Gari aka sayo mini tukwanen ƙasa masu faɗi, aka huda gindin kowacce wuri uku. Tukunyar ƙasa tana zufa, zufar nan kuma ita ke sanyaya ta, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Na haɗa ƙasar gona kashi biyu, yashi kashi ɗaya, da busasshen takin shanu wanda ya daɗe ya ruɓe kashi ɗaya. Ki guji ɗanyen kashin kaji, ƙona saiwa yake yi. Sannan na ɗora tukwanen a kan bulo domin su rabu da siminti, ruwa kuma ya sami hanyar fita.

Ita daddoyar Inna gata na musamman na yi mata. Na tuna dabarar Malam Mohammed Bah Abba, malamin nan da ya koyar a Jihar Jigawa, wanda ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya ba tare da lantarki ba. Na sa tukunyarta a cikin wata babba, na cika tsakaninsu da yashi, kullum ina jiƙa shi. In kin sa hannu da azahar za ki ji ƙasar ciki da sanyinta. Idan ba ki da tukunya biyu, ki naɗe bokitin da tsohon buhun algarara ki riƙa yayyafa masa ruwa.

A bazara, ki nemi inda rana ke samu daga fitowarta zuwa hantsi, inuwa kuma ta rufe shi daga azahar. Ni jikin katangar yamma na jera nawa, na ɗaura asabari a sama. Ki ba da ruwa da asuba, ki zuba a gindi a hankali har sai kin ga ya ɗigo ta ƙasa. In zafi ya tsananta ki ƙara bayan magariba. Ki rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayin shinkafa kaurin yatsa biyu, amma kada ya taɓa karan, kuma ki riƙa ɗagawa kina duba gara. Wani abin da ya daɗe yana ruɗa ni shi ne yaushin tsakar rana. Ganye yakan langaɓe da azahar ko da ƙasa tana da lema, domin yana fitar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya jawowa, da yamma kuma ya miƙe da kansa. Ki soka yatsa tukuna, in kin ji danshi ki ƙyale shi. Idan kuma ƙasar ta bushe har ta janye daga jikin tukunya, ruwan da kika zuba ta gefe zai zurare, saiwa ba ta samu ba. Sai ki tsoma tukunyar a baho na rabin awa.

Hunturu kuwa nasa salon daban ne. Iska ce ke busar da ganye, amma girman shuka yana raguwa, saboda haka ba ta shan ruwa kamar yadda kike zato. Ki tara tukwanen wuri ɗaya a bayan bangon da ke tare iskar arewa maso gabas, su kare juna. Ki jira hantsi kafin ki ba da ruwa, shi ma sai yatsa ya shaida miki ƙasa ta sha iska. Sau ɗaya ko biyu a mako ki wanke ƙurar ganyen, domin ƙura tana tare haske tana toshe ƙofofin da ganye ke numfashi da su. Ki ajiye takin zamani sai ruwa ya sauka a Mayu ko Yuni, lokacin da shuka take da ƙarfin cinsa.

Maganar ruwa kuma, wadda ta so ta haɗa ni da maigida, daro ɗaya ne ya kashe ta. Na ajiye shi a inda muke alwala, kowa ya yi a kansa. Mu bakwai ne a gidan, kafin isha'i mun tara abin da ya ishi tukwanen har da saura. Ina ƙarawa da ruwan wankin shinkafa da na kayan miya. Ban da ruwan omo, ban da mai gishiri ko maiƙo, waɗannan suna taruwa a tukunya su kashe ƙasa. Yanzu shi da kansa yake ce wa yara, "Kai, kada ku zubar, na fulawar Hajiya ne."

Da ruwan farko ya sauka a Mayun 2018, daddoyar nan ta fito da toho huɗu. Zinniya kuwa ashe ba a riƙe ta da ƙarfi, shekara ɗaya take yi ta mutu ko da an yi mata gata. Rayuwarta a cikin irinta take. Allah ya taimake ni na sami ragowar busassun kawunanta a wata tsohuwar ambulan cikin akwatina, na shuka a Yuni, cikin wata biyu tsakar gida ta yi ja da ruwan ɗorawa. Tun daga nan duk ƙarshen damina nakan bar furanni masu kyau su bushe a jikin uwarsu, in tsinke, in adana a takarda, ba a leda ba, don kada su yi fumfuna. Daddoya ma nakan karyi reshe biyu ko uku in dasa daban, saboda kada in sake zama da ƙwaya ɗaya tal.

Da aka kai autata ɗakinta a Hanwa, bayan an gama jere, na bi ta da tukunya ɗaya ta daddoya da ambulan na irin zinniya. Na ce mata, "Wannan daga kakarki ne. Ki nema masa inuwa, kada ki shaƙe shi da ruwa, in ya zubar da ganye ki yi haƙuri ki duba saiwa." Surukarta da ke zaune a gefe ta yi dariya ta ce ai amarya ma dashe ce, haka za su riƙe ta. Na ce Allah ya ba da iko.

To 'yar uwa, kafin zafi ko sanyi na gaba ya kankama, ki zagaya tsakar gidanki da azahar, ki dafa jikin kowace tukunya da tafin hannunki. Duk wadda kika ji ta ƙona ki, ki ɗauke ta daga wurin tun yau. Allah ya sa albarka a gidajenmu da abin da muka shuka. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.