Asirin da Na Tona da Sunan Goyon Baya

Ranar 22 ga Mayun 2015 mutanen Ayilan suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama kan auren jinsi, kashi 62 cikin ɗari suka amince. Ita ce ƙasar farko da ta halatta shi ta hanyar ƙuri'ar jama'a, alhali sai a 1993 ta soke dokar hukunta namijin da ya nemi namiji. Waɗanda abin ya shafa ba su da yawan cin zaɓe su kaɗai. Iyaye da maƙwabta ne suka cika akwatin. Ɗalibai sun riƙa buga wa kakanninsu waya suna lallashi. Mary McAleese, 'yar Katolika, wadda ta shugabanci ƙasar daga 1997 zuwa 2011, ta fito ta yi magana a matsayin uwa, amma sai bayan ɗanta Justin ya bayyana kansa da bakinsa. Wannan ne ban lura da shi ba.

Lokacin ina karatu a Dublin, ba ni da ƙuri'a tunda ni ba ɗan ƙasa ba ne. Ina da aboki ɗan gida Najeriya, tukunyarmu ɗaya, wanda ya daɗe yana haɗiye maganarsa kafin wani dare ya faɗa mini ko shi wane ne, hannunsa na rawa a kan kofin shayi. Da sakamako ya fito, murna ta ɗebe ni. Na ɗora hotonsa da na abokin zamansa a Facebook, na rubuta cewa ina tare da su.

Kafin gari ya waye yayansa ya kira daga gida. Na goge hoton, amma tuni an kwafe shi ana yawo da shi a WhatsApp. Mahaifiyarsa ta daina ɗaukar wayarsa. Kuma na sani sarai cewa tun Janairun 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi a Najeriya. Na sani, ban tsaya na yi tunani ba.

Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Malam, ni na aike ka?"

Bai aike ni ba. Da na binciki zuciyata na tarar so nake Turawan ajinmu su gan ni a wayayye. Ni na kwashi yabo, shi ya rasa gida. Amana ya ba ni, na kai ta kasuwa. Na nemi gafararsa ya yafe, amma yafiyarsa ba ta buɗe masa ƙofar gidansu ba.

Mai karatu, idan wani ya ba ka irin wannan amana, ko kana goyon bayansa ko ba ka yi, ka tambaye shi tukuna kafin ka kira sunansa a gaban kowa.