Ɗan barewa a tsakar gida

A gidajen ƴan kasuwa da manyan ma'aikata na Damagaram da Tanut na sha ganin ɗan barewa ɗaure da igiya kusa da awaki. In na tambaya, amsa ɗaya ce: maraya ne, makiyayi ya tsince shi wajen Tenhiya, muka saye don tausayi. Ba na shakkar wannan tausayi. Amma ina roƙon mai karatu ya tsaya mu duba lamarin tare.

Barewa in ta haihu, takan ɓoye ɗanta cikin ciyawa ko gindin sabara, ta tafi kiwo, ta dawo ta ba shi nono. Shi kuwa yana kwance shiru don kada dila ya gan shi. Wanda ya same shi haka sai ya ɗauka maraya ne, alhali uwarsa tana kusa. Wani lokaci kuma maraicin gaskiya ne, domin mafarauta masu kat-kat sun kore uwar har ta faɗi. Duk jikar da aka biya a bakin hanya, gobe ita ce za ta tura wani yaro neman wani ɗan barewa.

Dabbar da ta ji rauni ko ta rasa uwa tana da hakki a kanmu, amma jinyarta tana da ƙa'ida. A rufe mata ido da ƙyalle, a ajiye ta wuri mai inuwa, nesa da yara da karnuka, domin firgita kaɗai tana kashe barewa. Nonon akuya ya fi dacewa da cikinta. Fura da kunu sukan sa mata zawo. Sannan a sanar da ma'aikatan gandun daji na Tanut ko Belbeji, tun da dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta sa namun daji ƙarƙashin kariyar hukuma. Ko a Amurka, inda ake jinyar marayun wata ƴar dabba mai suna rakun, yawancin jihohi ba su yarda kowa ya riƙe ta ba sai mai takardar izini, kuma manufar ita ce a mayar da ita daji.

Nan ne muke kuskure. Barewar da ta girma a hannu ba ta tsoron mutum ko kare. In aka sake ta, ba ta daɗewa. In aka riƙe ta, ta mutu ba ta haihu ba.

Iyayenmu sun san mariri da jimina a arewacin Damargu. A shekara ta 2000 aka bayyana cewa mariri ya ƙare a daji a duniya baki ɗaya, sai a 2016 aka soma mayar da shi a Cadi. Jimina kuwa, sai da aka kafa mata wurin kiwo a Kelle, cikin ƙasar Gure. A 2018 an yi ɗawainiya mai yawa kafin a kai raƙuman dawa 8 daga Kure zuwa Gadabeji. Mayar da abin da ya ɓace yana da tsada ƙwarai.

Barewa tana nan tukuna. In an miƙo maka ɗanta ta tagar mota, Alhaji, ka mayar da kuɗinka aljihu, ka gaya wa ma'aikatan gandun daji inda ka gan shi.